Lodin albasa biyu a bakin Kwara: abin da rufe gadar Gaya da Malanbil ya yi wa wani ɗan kasuwar Tawa

Ni nake riƙe wa kawuna littafin lissafi. Shi ɗan kasuwar albasa ne a nan Tawa, ya haura shekara 20 cikin sana'ar, bai yi lakwal ba, amma ko buhu ɗaya ba ya ɓace masa a ka. Abin da nake rubutawa shi ne sunan manomin da aka ɗauki kayansa, buhu nawa ne, nawa aka ba shi a hannu, nawa ya rage sai mota ta dawo. Daga wannan littafi na ɗauko abin da zan bayyana: lodi biyu da muka tura Gaya a shekarar 2024, ɗaya a watan Afrilu, ɗaya wajen ƙarshen Mayu, lokacin da gadar kogin Kwara da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin take toshe. Na farko ya haye da ƙyar. Na biyu bai haye ba, kuma shi da idona na ga abin da ya same shi.

Mutumin Adar da bai taɓa ganin Kwara ba yana iya tambaya me ya haɗa shi da gadar da ke nesa da gidansa da fiye da kilomita 500. Amsar tana cikin rudunsa, wato rumbun da yake ajiye albasa. Albasar da ake nomawa a Galmi da Tsarnawa da Madawa da Tamaske ta fi ƙarfin cikin 'yan ƙasa, dole ta fita waje, Gana da Kodebuwa da Togo da Benin da Najeriya. Hanyar kawu tun fil azal ita ce ta Benin: a yi lodi, a bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi, a Doso a karkata kudu, a sauka Gaya, a yi takardun duwan, a hau gada. Wani lokaci a sauke a kasuwar Malanbil, wani lokaci mota ta zarce Faraku, ko har Dantokpa a Kwatano in farashi ya yi kyau can.

Gari ɗaya da kogi ya raba

Gaya tana ƙasar Dandi, can ƙarshen kudancin jihar Doso, inda ruwan sama ya fi ko'ina yawa a Nijar. Ƙasar rake ce da rogo da dankali da giginya. Malanbil tana ɗaya gaɓar, a jihar Alibori ta arewacin Benin, tafiyar kamar kilomita 10 tsakaninsu in an bi ta gada. Asalin sunanta Tasi, Faransawa suka laƙaba mata sunan Malan, wani gwamnansu na Dahome, wato Benin ta yau. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa ne a nan, su ne kuma a can. Dandanci da Hausa ake ciniki da su a kasuwannin biyu, ana auratayya, ana hayewa suna da gaisuwar mutuwa. Kuɗin ma ɗaya ne, sefa, don haka wanda ya sayar a Malanbil ba ya neman ɗan canji kafin ya dawo gida. Daga Gaya kuma in ka yi gabas kaɗan sai ga Kamba ta jihar Kebbi. Kasuwa uku ke nan a ƙasa uku, kamar duwatsun murhu.

Gaya da Malanbil babu ɗayansu da ke bakin teku, amma duk biyun aikin tashar jiragen ruwa suke yi. Nijar ba ta da gaɓar teku, tashar Kwatano ce mafi kusa da Yamai, tafiyar kilomita 1,000 da 'yan kai, kuma kafin 2023 mafi yawan kayan da ƙasar ke shigowa da su daga ƙetare ta nan suke biyowa. Layin dogo da ya taso daga Kwatano a Faraku ya tsaya, kilomita 438, daga nan sai manyan motoci, kuma duk motar da ta nufo Nijar ba ta da wata mahaya sai wannan. Shi ya sa Gaya ta cika da magaza-magaza na bosho da shinkafa da atamfa, da yawa daga ciki Najeriya za su ƙarasa ta Kamba, ta cika da masu fiton takardun duwan da makanikai da 'yan dako da mata masu abinci da gidajen saukar direbobi. Malanbil kuwa kasuwar hatsi ce da doya da garin rogo da albasa, ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Benin bayan Dantokpa. Masara da garin rogo su hayo arewa, albasa da dabbobi su gangara kudu.

An gina gadar farko a 1958, tun Turawa ba su tafi ba, aka ƙara ta biyu tsakanin 1988 da 1989. Kuma ba yau aka fara samun saɓani a wannan ruwa ba. A ƙarshen 1963, zamanin Diori Hamani, dangantaka ta yi tsami tsakanin Nijar da Dahome, rikicin tsibirin Lete na ciki, aka kori ma'aikata 'yan Dahome daga Nijar, ita kuma Dahome ta tare hanyar kaya. Maganar tsibirin ba ta mutu ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, da kotun duniya ta birnin Heg ta yanke hukunci: iyaka ta bi inda ruwa ya fi zurfi a mashigar da jirage ke bi, Lete na Nijar ne, cikin tsibirai 25 Nijar ta samu 16, Benin 9, kuma iyakar da ke kan gada ta bi wadda ke cikin ruwa a ƙarƙashinta. Ƙasashen biyu suka karɓi hukuncin ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Ina kawo wannan ne domin dattawan Gaya suna tuna shi, kuma shi ya sa da yawansu suka ɗauka rufewar 2023 ma ba za ta daɗe ba.

Yadda aka toshe

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sanya wa Nijar takunkumi, ciki har da rufe iyakoki, Benin ta rufe nata ɓangaren. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a Malanbil, wasu da abinci, wasu da magani, har da kayan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka fara maganar za a kawo yaƙi don mayar da Bazoum, sojojin Nijar suka gitta kwantenoni a kan gada daga namu ɓangaren. A Yamai da Tawa muka ji a jikinmu, shinkafa da mai da sukari suka tashi.

Ranar 24 ga Fabrairu 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin a Abuja. Benin ta buɗe nata gefen. A watan Maris aka buɗe iyakar Nijar da Najeriya. Amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a toshe, hukumomin Yamai suka ce dalilin tsaro ne, suna zargin akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin da ake shirya wa Nijar sharri daga cikinsu. Benin ta musanta. Manyan kayan ƙasa aka mayar da su tashar Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, hanya mai nisa da tsada da haɗari.

Sai dai mutane ba su daina hayewa ba. Tun makonnin farko kwale-kwale suka maye gurbin gada. Motar fasinja ta kawo mutane bakin ruwa ta sauke, su haye, wata ta kwashe su a can. Kaya ma haka. Tashar ta sauko daga kan kwalta ta koma cikin yashi da laka.

Lodi na farko

Da aka ɗage takunkumi kawu ya ɗauka saura ƙiris. Lokacin cire albasa ya zo, ya sayi kaya kamar yadda ya saba. Tsarinsa da manoma na amana ne: wasu ya riga ya ba su kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa tun lokacin dashe, in an cire sai ya ɗauki kayan, ya ba da wani abu a hannu, cikon sai an sayar. Bayan ƙaramar salla muka cika mota da buhu 300, irin manyan buhunan nan da ake ɗinka wa hula, kowanne ya haura kilo 100. Na ce masa, "Kawu, gadar fa har yanzu ba a buɗe ba." Ya ce, "Ɗana, albasa ba ta jiran gwamnati. In munka aje ta nan, rana ta cinye ta, in munka tahi da ita ko kaɗan mu samu."

Fatomansa na Malanbil, wato mai saukar masa da kaya ya sayar a can, Badande ne da suka yi shekaru suna hulɗa, shi ya shirya komai ta waya. Ya sa wani yaronsa a Gaya ya tari motar. Ga yadda buhu ɗaya ya yi tafiyar da a da motar ke yi cikin 'yan mintoci: 'yan dako suka sauke shi daga babbar mota, suka ɗora a adaidaita mai ɗaukar kaya, domin babbar mota ba ta iya gangarawa har gaɓa. A gaɓa aka sauke, aka jira layi. Wasu 'yan dakon suka ɗauka suka shiga ruwa da shi zuwa bakin jirgi, suka jefa ciki. A can aka fitar, aka sake ɗorawa a adaidaita, aka sake saukewa a kasuwa. Ɗauka da ajiyewa sau shida ko bakwai, a inda da sau biyu ne.

Wanda bai san albasa ba zai ce ai kuɗin dako ne kawai ya ƙaru. Kuɗin dakon ya ƙaru, amma ba shi ne babbar ɓarnar ba. Albasa mai rai ce, tana numfashi cikin buhu. Duk jefawa ɗaya tana ƙuje ɓawon waje, ta daddage waɗanda ke ƙasa, kuma inda ta daddage nan ruɓa ke farawa. Buhun da ya haura kilo 100 ba a ajiye shi a hankali, mutum biyu ko uku ne ke cicciɓa shi su sake shi. Ƙasan kwale-kwale kuma ba ya rabuwa da ruwa, buhunan da aka fara jefawa su suka sha. Ga zafin Afrilu. Da fatoma ya sa aka zazzage aka tsince, abin da aka ware ya kai kimanin buhu 20, kuma sauran ma mata masu saye suka rage musu kuɗi don sun ga jikinsu ya sha wuya.

Duk da haka lodin bai faɗi ba. Albasar Nijar ta yi ƙaranci a can, farashi ya ɗan ɗaga, wannan ya rufe wani abu. Da na haɗa lissafi, ribar da aka saba samu ta tafi wurin masu adaidaita da 'yan dako da masu jirgi da ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa a gaɓar nan da ta can, waɗanda ba su da takarda. Uwar kuɗi ta dawo, an biya manoma. Kawu ya ce alhamdu lillahi, hanya ta samu.

Lodi na biyu

A nan ne abin ya haɗu da rigimar man fetur. Bututun da kamfanin Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, ya kammala, ɗanyen man Nijar ya isa teku. A farkon Mayu shugaba Patrice Talon ya ce ba za a yi lodin man ba muddin Nijar ta bar iyakarta a rufe. Sinawa suka shiga tsakani, jirgi na farko ya yi lodi a tsakiyar wata. Muna jin wannan a rediyo, kawu ya ce ai in mai ya wuce albasa ma za ta wuce. Ya haɗa lodi na biyu, wannan karon mafi yawansa bashi ne, domin manoma sun ga na farko ya dawo da kuɗi suka sakar masa kaya. Ya ce in bi motar, zuwa da kai ya fi aike.

Muna tsakanin Doso da Gaya wayar fatoma ta shigo. Ya ce, "Ka gaya wa Alhaji kada a sauke kaya. An hana hayewa, jami'an tsaro sun tsaya a gaɓarmu, ko mutum ba ya wucewa." Hukumomin Benin ne suka rufe mahayar ruwa. Gada a toshe daga gefenmu, ruwa a toshe daga gefensu.

Abin da na tarar a Gaya ba zan manta da shi ba. Jirage a jere a ɗaure, masu su na zaune a inuwa. Fasinjoji da jakunkuna, mata da goyo, ɗalibai, 'yan ci-rani na Adar da ke hanyar Kwatano da Lome, kowa na kallon ɗaya gaɓar da ake hango itatuwanta da rufin kwanonta sarai. Motocin albasa da muka tarar sun kai goma sha. Direbanmu ya samu wuri ya tsaya, ya ce, "Sai mu ga abin da Allah zai yi."

Daren kwana na biyu aka yi ruwa. A Tawa ƙarshen Mayu rani ne tsantsa, iska busasshiya, albasa na iya zama. A Gaya damina ta riga ta kama. Muka ja tamfol muka rufe, da safe rana ta fito da zafinta, danshi ya tsaya ƙarƙashin tamfol ya zama turiri. In ka buɗe ruwa ya doke ta, in ka rufe ta dahu. A kwana na uku wari ya fara fita, a na huɗu ruwa na ɗiga ta ƙasan mota. Mai albasa ba ya bukatar a gaya masa, hancinsa ya isa.

Hanyoyin da ke gabanmu ba su da yawa, kuma kowacce da ƙayarta. Wasu samari suka zo suka ce za su hayar da kayan da dare, ta wata gaɓa nesa da gari, kuɗin ninki uku. Na kira kawu. Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "A'a. Dukiyar mutane ce, kuma rayukan 'ya'yan mutane ne. In jirgi ya kihe cikin duhu, mi za ni ce ma Allah?" Wasu direbobi suka ce a shiga Najeriya ta Kamba, a zagaya a faɗa Benin ta wajen Segbana. Direbanmu ya lissafa shingayen hanya da takardu da kwanakin da za a ƙara, ya ce kayan ba za su kai ba. Saura jira, ko sayarwa a inda muke.

A kwana na biyar muka sauke a wani fili, muka ɗauki mata suka zazzage suka tsince. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi juji. Mai kyan muka raba biyu. Wani ɓangare 'yan kasuwar Gaya suka saya, kuma sun san halin da muke ciki, ga motoci goma sha duk suna neman mai saye a rana ɗaya, farashin da suka ba da shi muka karɓa. Sauran wasu 'yan Kamba suka ɗauka. Su da naira suke lissafi, naira kuwa a lokacin ta faɗi warwas a gaban sefa, abin da suke gani kuɗi ne mai yawa in an juya shi sai ya zama kaɗan. Ban zarge su ba. Kowa da nasa lissafin ya fito daga gida.

A kan wa asarar ta sauka

Da na dawo Tawa muka zauna da littafi. An biya mai mota kuɗinsa cif, har da na kwanakin tsayuwa, domin shi ba ruwansa da ruɓa. An biya matan da suka tsince da 'yan dako. Abin da ya rage bai kai rabin abin da manoma ke bi ba.

A ƙa'idar kasuwa asarar ta kawu ce, shi ya saya. A zahiri kuwa ba shi da abin da zai rufe ta nan take, don haka ta gangara ƙasa. Ya tara manoman, su 11, ya gaya musu gaskiya, ya ba kowa wani abu daidai kayansa, ya ce cikon bashi ne a wuyansa. Wani dattijo daga cikinsu ya ce, "Alhaji, ba mu ce ka ci amana ba. Amma damana ta taho, da kuɗɗin ga za mu sayi hatsin da za mu ci mu yi noma." Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya mini. Manomin albasa a Adar da kuɗin rani yake cin damina. In kuɗin ya makara wata biyu, sai ya ci bashin hatsi da tsada, ko ya sayar da akuya a lokacin da ba ta da daraja, ko ya tura ɗansa ci-rani a lokacin da ake bukatar hannunsa a gona. Biyu daga cikin mutanen nan ba su yi layya ba a shekarar.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Da labarin motocin da suka maƙale ya bazu, masu saye suka ja baya a kasuwannin albasa na jihar, wanda ke da kaya a rudu ya rasa mai taya masa da daraja. Manomin da bai taɓa hulɗa da kawu ba, bai ma san inda Malanbil take ba, shi ma ya biya nasa kason.

A Gaya ma ba kowa rufewar ta yi wa daidai ba, kuma ya kamata a faɗi wannan. Masu jirgi da masu adaidaita da 'yan dako sun samu abin da ba su taɓa samu ba kafin a hana hayewar, samari da yawa sun bar wasu sana'o'i sun koma bakin ruwa. Amma masu fiton takardu da masu magaza da makanikan manyan motoci da matan da ke dafa wa direbobi, waɗanda rayuwarsu ke rataye da layin motocin Kwatano, sun zauna. Babban ɗan kasuwa mai kwantena ya juya kayansa Lome, ya ƙara kuɗin a kan mai saye a Yamai. Atamfa da bosho suna iya kwana wata shida a magaza ba abin da ya same su. Albasa da tumatir da ragon da ke bukatar ruwa da ciyawa kullum, su ne ba su da wannan sarari, kuma galibi kayan ƙananan mutane ne.

Abin da nake gani

Ba na cikin masu cewa maganar tsaro ƙarya ce. Yankin dajin W da ke kan iyakar Nijar da Benin da Burkina ya zama mafakar 'yan bindiga, an kai hare-hare a Alibori, an kai a jihar Doso, an fasa bututun man ma. Ƙasar da aka yi wa barazanar yaƙi a 2023, aka yanke mata wuta da magani, tana da dalilin yin taka-tsantsan da maƙwabcin da ya bi takunkumin. Na san zafin da mutane suka ji, ni ma na ji shi.

Amma abin da na gani a bakin ruwa ya sa ina tambaya. A kan gada akwai duwan, akwai 'yan sanda, akwai takarda, ana sanin wa ya wuce da me ya ɗauka, kuma baitulmali na samun kuɗinta. An ma gina ofishin bincike na haɗin gwiwa a gefen Malanbil don jami'an ƙasashen biyu su yi aiki wuri ɗaya. Da aka toshe gadar, mutane da kaya ba su tsaya ba, sun watsu ne a gaɓa mai tsawo, cikin jirage da ba a ƙidaya su, wasu da dare. In abin tsoro shi ne abin da zai shigo, ni a ganina ƙofa ɗaya mai gadi ta fi gaɓa buɗaɗɗiya sauƙin tsarewa. Matakin Benin na hana hayewar ruwa shi ma bai taɓa waɗanda ake rigimar da su ba. Waɗanda na gani zaune a yashi ba su da hannu a maganar bututu. Kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya cutar 'yan Malanbil ne, fatoman kawu na cikinsu, kasuwarsu ta mutu a makonnin nan kamar tamu.

Ko da za a bar gadar a rufe ga manyan motocin kwantena, ban ga abin da zai hana a ware kayan gona masu lalacewa da dabbobi da marasa lafiya a ba su sa'o'i sanannu na wucewa a ƙarƙashin bincike ba. In kuma kwale-kwalen ne za a ci gaba da shi, to a ɗauke shi a matsayin tasha: a gyara gangaren, a yi rumfar ajiye kaya, a ƙayyade lodin jirgi, a sa rigunan ceto, a rubuta kuɗin da ake biya a allo. Kogin nan ba kullum yake kwance ba. Yana cika da jan ruwan damina wajen Agusta da Satumba, ya sake cika da ruwan da ke gangarowa daga Gini a lokacin sanyi, kuma jirgin da aka cika da buhuna da babura da mutane ba ya bukatar babbar igiya kafin ya juye.

Mu ma da namu laifin, 'yan kasuwa da manoma. Mun ɗora dukan kayanmu a kan hanya ɗaya da fatoma ɗaya. Ba mu da ma'ajiya mai iska a Gaya ko Doso da za a sauke kaya a shanya in hanya ta tsaya. Kuma kawu ya karanta labarin jirgin mai a matsayin sulhu, alhali ba a yi sulhun ba. Bayan 'yan kwanaki ma, a watan Yuni, aka kama wasu 'yan Nijar biyar a tashar Seme, Nijar ta rufe bututun na wani lokaci, har tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka zo Yamai neman sasantawa. Shekarar 2024 ta ƙare gada na toshe.

Bayan nan

Kawu ya sayar da wani fili da yake da shi a bayan gari, ya biya mutum takwas kafin kaka. Sauran ukun ya biya su da iri da taki da mai a lokacin dashe, bisa yardarsu. Da jirage suka koma aiki, fatoma ya hayo Gaya da kansa ya kawo wani tsohon ciko da ke hannunsa, kawu ya je suka haɗu, suka kwana biyu suna shawara.

Abin da suka tsayar shi muke bi. Ba a ƙara tura babbar mota cike ba sai fatoma ya tabbatar da safiyar ranar cewa ana hayewa, kuma mota ba ta wuce Doso sai an sake kiransa. Wani ɓangare na kayan yanzu ta Ƙonni yake fita zuwa Illela, ko da ribar ba ta kai ba. Daga tsakiyar Mayu ba ma tura komai kudu. Kayan da za su haye ruwa kuma mun daina zuba su a babban buhu mai hula, muna raba su a ƙananan buhunan raga da mutum ɗaya zai ɗauka a ka ya ajiye a hankali, iska kuma na ratsa su. Wannan ya kawo sabuwar gardama a gona, domin manomi da babban buhu ya saba lissafi, yana ganin in an raba za a cuce shi. Sai da kawu ya sayi sikeli ya kai Tamaske, aka auna babban buhu a gaban kowa, aka zazzage shi cikin ƙanana aka sake aunawa, sannan mutum huɗu suka yarda. Sauran sun ce sai sun ga yadda ta kaya da waɗannan huɗun.